Galan Biyu da Hatsin Inna

Sharaɗi ɗaya mahaifiyata ta kafa kafin ta yarda ta bar ƙauyenmu ta dawo Talata Mafara da zama: sai dai a tafi da hatsinta. Ba ta yi maganar gado ba, ba ta yi ta tukwane ba, awakinta ma ta riga ta sayar da su a wulaƙance. Hatsin dai. Ta ce tun da aka kai ta gidan mahaifina ba ta taɓa cin tuwon da ba daga rumbunsu aka ɗebo ba, kuma ba da furfura za ta fara zaman jiran a aiko mata da kwano ba. Tun rasuwar mahaifina ita ke riƙe da gonarsa, da 'yan ƙodago in ta samu, da hannunta in ba ta samu ba. A kakar da nake magana ta sami gero buhu tara. Kwana da kwanaki ta yi tana sussuka da sheƙa tare da matan maƙwabta, don damma ba za su shiga mota ba, har tafin hannunta ya tsage.

Ƙauyenmu yana bayan Janbako, cikin ƙasar Maradun. Ba sai na tsaya ba da labarin abin da ya sa mutane ke barin irin waɗannan ƙauyuka ba. An ƙone rumbuna a garin da ke gabas da mu, an ɗora wa na arewa da mu kuɗi kafin su yi girbi, kowa ya san layi na zuwa kansa.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye. Da na fara tuƙi sai ta sami sauƙi, ta laƙaba mini "direba". A gaya wa direba ya ci abinci. A tambayi direba yaushe zai koma. Ko mu biyu ne kaɗai a tsakar gida, bango take kallo ta ba shi saƙon.

Motar da nake tuƙawa a-kori-kura ce, ta ƙanen mahaifina, wanda muke kira Bappa, ɗan kasuwar hatsi a Mafara. Shi ya ɗauko ni daga ƙauye, ya kai ni koyon mota, ya damƙa mini makulli. Ba zan ce bai yi mini rana ba. Amma mutum ne da zai yanka sa ya raba wa unguwa don a gani, sannan ya tsaya a gidan mai yana kallon lita tana juyawa kamar jininsa ake ɗiba. Tankin motar nan bai taɓa sanin ƙoshi ba. Kowace tafiya da nata man, kuma shi da kansa yake raka ni gidan mai ya biya. Kowace hanya tana da awonta a kansa, da galan yake lissafi irin na da: Bakura kaza, Maradun kaza, Damaga kaza, ƙauyenmu galan uku zuwa da dawowa. Awon nan ba ya canzawa, ko damina ko rani, ko motar tana sabuwa ko ta tsufa. Kuma in faɗi gaskiya, yawanci yana kai mu, da ƙyar dai, amma yana kai mu. Wannan ne ya sa ya ɗauki kansa masanin mota, alhali bai taɓa riƙe sitiyari ba.

A shekarar ne aka hana sayar da mai a jarka, saboda masu kai wa 'yan bindigar daji. 'Yan bumburutu duk suka kwashe teburansu daga bakin hanya. In aka tsayar da kai a shinge aka ga galan na fetur a bayan kujera, kana kuma nufin wajen Maradun, to babu mai sauraron bayaninka. Abin da ke cikin tanki shi ne duk abin da kake da shi, daga fita har dawowa.

Bappa ma yana da gonaki a ƙauyen, kuma wakensa da gyaɗarsa buhu goma sha biyu ne, sun isa su cika bayan motar, ga kuma na Inna tara. Sahu biyu kuwa ba ya cikin magana, don hanyar in ka bi ta sau ɗaya an gan ka, na biyu jiranka ake yi. Sai ya tuna da wani amininsa manomin shinkafa a Bakura, mai wata tsohuwar tirelar tarakta da ke ajiye a ƙofar gida, ƙafa huɗu, ƙarfe zalla. Mai walda ya maƙala wa motar ƙugiya a baya, na je Bakura na ɗauro tirelar, aka zura wata ƙatuwar ƙusa ta riƙe su.

Tun a wannan 'yar tafiyar na san akwai magana. Daga Bakura zuwa Mafara kwalta ce, tirelar kuma babu ko tsinke a cikinta, amma motar tana tafiya kamar an riƙe mata riga ta baya. Giyar da na saba sakawa in huta ba ta karɓa, sai na dawo ta ƙasa, inji yana ta kuka. Allurar geji da a wannan hanya ba ta ko motsi, na gan ta da idona ta sauka. Na ce a raina, wannan fa wofi ke nan, a kan kwalta. To ina ga an cika ta, a cikin yashi? Na yi lissafina na direba, na ga in ba a zuba galan shida ba, ba za mu ga Mafara da ita ba.

Washegari da safe muka bi layi a gidan mai. Da muka iso kan famfo Bappa ya fito, ya gyara babbar riga, ya faɗa wa mai zubawa kuɗin galan huɗu.

Na matsa kusa da shi, na rage murya. "Bappa, huɗu ba su isa. Wagga tirela ta tarakta ta, ko wohi tana shan mai. A sa shidda."

"Shidda?" Bai rage tasa muryar ba. "Sakkwato za mu? Man garinku galan ukku na, tun kana goye nika bin hanyag ga. Na ƙara guda saboda tirela. Mi kaka so kuma?"

"Nauyi na, Bappa. In anka aza kaya..."

"Tsaya in koya maka. Sa, in ka aza mai kaya bisa baya, buhu biyu sun ishe shi. In ka ɗaura mai amalanke, goma shika ja, kuma harawa guda ta shika ci. Kayan tirela bisa ƙahwahunsu suke. Kai ja ɗai za ka yi."

Duk wanda ya taɓa riƙe shanun huɗa ya san ranar da sa ya ja amalanke sai an ƙara masa dusa, in ba haka ba gobe ba zai tashi ba. Bappa ma ɗan ƙauye ne, ya sani. Amsar tana bakina. Amma kafin in buɗe shi, wani mai mota a bayanmu ya leƙo ta taga yana dariya, ya ce, "Alhaji, ai direba bai taɓa cewa mai ya isa ba." 'Yan layi suka yi dariya, Bappa ma ya yi. A sana'armu, direban da ya nace a ƙara mai kowa ya san abin da ake zato, wai yana da tiyo da wanda yake tsiyaye wa. Na ja da baya, mai zubawa ya zuba huɗun da aka ce masa.

Akwai abin da ban cika faɗa wa mutane ba. A aljihuna a ranar akwai abin da zai sayi galan biyun nan. Hannuna ma ya kai kansa. Amma in zaro kuɗina a gaban Bappa, a gaban layi, in ƙara wa motarsa mai, daidai yake da in hau kan mota in yi shelar cewa marowaci ne. Na ce bari in ya sauka wani wuri sai in zagayo. Bai sauka ba, daga gidan mai ya shiga gaba ya ce mu kama hanya.

Mun isa ƙauye da hantsi. Allura ta riga ta cinye kusan rabin abin da aka zuba, tun ba a ɗora komai ba. Aka shimfiɗa wa Bappa tabarma a gindin ɗorawa, gari ya taru, aka shiga gaisuwa: an zo lahiya, ina gajiya, ina mutanen Mahwara, ina iyali, ina ƙarin haƙuri, kowa sai ya yi tasa daga farko har ƙarshe. Ni kuwa na kai motar ƙofar gidanmu da baya-baya, na sauke murfin baya, da niyyar in fara zuba na Inna a cikin motar kanta, abin da ya rage na Bappa ya bi tirela.

Inna tana tsaye a bakin zaure da ƙullin kayanta. Ta dubi wata maƙwabciyarmu ta ce, "A hwaɗa ma direba, motar Alhaji ta, kayan Alhaji ka shiga ciki. Nawa a sa su baya. Kada a ce don shi ka tuƙi."

Na ce wa maƙwabciyar ta gaya mata cikin motar ya fi aminci. Inna ta ce ta ji, a sa su baya. Haka muke, an koya mana ka sa naka a ƙarshe, kuma wanda ya fi kusa da kai shi ya fi cancanta a danne wa. Kara ake kiranta, ana kuma yabon mutum da ita. Buhunan Inna tara su aka fara jerawa a ƙasan tirela, can gaba. Na Bappa suka cika bayan mota, aka ɗaure.

Da a nan aka tsaya, da wataƙila mun lallaɓa. Amma gari ya ga tirela da sauran wuri. Wani dattijo ya durƙusa gaban Bappa ya ce, "Alhaji, buhu guda na, a aje mani wurin ɗiyata can Mahwara." Bappa ya ce a aza. Wani ya zo da biyu, na marayun ƙanensa. A aza. Liman ya aiko da nasa. A aza. Bappa yana zaune yana shan fura, albarka tana sauka a kansa ta ko'ina, fuskarsa sai sheƙi take yi. Kyauta ce da ba ta ci masa komai ba, a ganinsa, tunda kayan a kan ƙafafunsu suke. Na ƙirga buhu goma sha shida a kan na Inna, ban da kan keken ɗinki da ƙyauren kwano da wani ya ɓalle daga ɗakinsa. Tayoyin tirelar suka baje a ƙasa.

Na je na tsuguna kusa da shi na ce, "Bappa, kaya sun yi yawa. Mai ba ya kai mu."

Ya dube ni ta saman ƙwarya. "Bisa kai za ka ɗauka? To tashi ka nuna mani wanda za a sauke ma nashi. Kai ka zaɓa."

Na juya na dubi mutanen. Wannan shi ya yi mini aski ina yaro, wancan shi ya haƙa kabarin mahaifina. Ban iya nuna kowa ba. Abin da ke ƙona mini rai da Bappa ke nan har yau: in ka ɗauki maganganunsa ɗaya-ɗaya, kowacce sai ka rasa ta inda za ka kama ta, amma in ka haɗa su sai ka ga sun kai ka sun baro.

Sai bayan azahar muka taso, don ba a barin gari ba a ci abinci ba, ba a yi addu'a ba. Bappa a gaba, Inna da wasu tsofaffi mata biyu a bayan mota, a kan buhunan wake. Tun daga fita gari na san giya ta uku ba tawa ba ce a ranar. Ta ɗaya, ta biyu, in koma ta ɗaya. Ƙafata tana manne da totur, inji yana ihu, motar kuwa mai tafiya a ƙasa zai iya jerawa da ita. In mun zo gangare tirelar ta tunkuɗo mu, don ba ta da birki, in mun zo hawa ta ja mu baya. Warin kuloci ya cika gaban motar. Bappa ya toshe hanci da gefen rawani ya ce in daina gurza masa mota.

Akwai wata busasshiyar ƙorama kusa da gari, yashi ne zalla. Nan muka kafe. Mazan gari da suka biyo mu don sun san za a rina suka sa kafaɗa, aka tona gaban tayoyi, aka saro reshe aka shimfiɗa. In taka, tayoyin baya su yi ta juyawa a wuri ɗaya suna watsa yashi, mu matsa taku biyu, mu sake nutsewa. Duk takawar nan mai ne ke ƙonewa ba tare da an ci ko zira'i na hanya ba. Ina jin sa a jikina kamar ana zare mini wani abu. Kusan sa'a guda muka yi kafin mu hau gaɓar can. Mutanen suka yi mana Allah ya kiyaye, suka juya da sauri, don su ma ba sa son nisa da gari.

Ban daɗe da barin ƙoramar ba allura ta kwanta a kan ja. Na ci gaba da tuƙi, ina addu'ar ko gejin ne ke ƙarya. Da muka iso wani kufai, ƙauye ne da mutanensa suka tashi tun bara, na tsaya a gindin tsamiya na kashe mota.

"Lahiya?" in ji Bappa.

"Mai ya ƙare, Bappa. Abin da yar rage, in mota ɗai ta, yana iya kai mu Mahwara da ƙyat. In da tirela, ko Janbako ban da tabbas. Akwai wani yashin gaba, ya hi wanda munka baro tsawo, kuma babu mai tura mu."

Ya leƙo ya dubi gejin, kamar zai gane wani abu. "Galan huɗu?"

"Galan huɗu."

Bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban ce na faɗa maka ba. La'asar ta yi, inuwar tsamiya ta miƙe. Babu motsin kowa, ko kukan jaki babu, waya kuma a wajen ba ta shiga. Kowa a yankinmu ya san ba a bari rana ta yi sanyi mutum yana wannan hanya, balle da mota cike da abinci da tsofaffi uku.

Na tattaro duk ƙarfin halin da nake da shi na ce, "A sauke naka tara a nan, a sa na Inna cikin mota. Ita su ke nan gare ta."

Ya fito ya zagaya ya dubi tirelar, ya dubi rana. "Nata suna can ƙasa. Wa za ya kwashe buhu sha shidda ya hiddo su? Ni da kai? Sannan mu kwance waɗanga mu sake ɗauri? Dubi rana, yaro. A bar ta nan, gobe da sahe a zo da mai a ja ta."

Nan ma gaskiya ya faɗa. Buhun gero ba abin da mutum ɗaya ke jujjuyawa ba ne cikin gaggawa, shi kuwa Bappa rabonsa da ɗaga buhu tun kafin a haife ni. Amma na lura ko da wasa bai ce a gwada ba. Ina tsaye ina kallon gefen wani buhun Inna da ya leƙo ta tsakanin ƙarafa, da ɗinkin da ta yi masa da hannunta, sai na ji muryarta daga saman mota.

"A hwaɗa ma direba, rai ya hi hatsi. Gobe ma rana ta."

Ƙusar ta ƙi fita saboda nauyi ya danne ta. Sai da na tayar da motar na ɗan ja baya, na fito na doke ta da dutse ta ƙasa. Da hannuna na zare ta. Da na taka, motar ta yi wani tsalle gaba, sakayau, ta karɓi giya ta uku har da ta huɗu, ban taɓa jin haushin lafiyar mota irin na ranar ba. Masu zama a bayan a-kori-kura baya suke fuskanta. Ta madubi ina ganin ƙeyar Inna, ba ta juyo ba har muka sha kwana. Mun shigo Mafara ana kiran magariba, motar tana shaƙewa, ta mutu a bakin layinmu, matasan unguwa suka tura ta zuwa ƙofar gida.

Da safe muka koma gidan mai. Layi ya cinye mana safiyar. Da muka iso kan famfo Bappa ya ce a zuba iyakar abin da aka yarda a sayar wa mota ɗaya, ya sa muka zagaya wani gidan man aka ƙara, sai da tanki ya cika har wuya. Ranar ce ta farko da na ga haka tun da nake tuƙa masa mota. Ban yaudari kaina cewa don geron Inna ba ne. Tirelar ta aro ce, in ta ɓata shi zai fuskanci amininsa. Shi bai biyo ni ba, ya haɗa ni da 'yan dako biyu.

Tirelar tana nan a gindin tsamiya inda na bar ta. Babu buhu ko ɗaya a ciki, har ƙyauren kwanon an tafi da shi. Ƙasan wajen duk sawu ne, na babura, na jakuna, na amalanke, da na mutane ba takalmi. Ban san wa ya kwashe ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba, don a yankin nan masu bindiga da masu yunwa duk hanya ɗaya suke bi. A wuri guda buhu ya fashe, gero ya zube, kurciyoyi suna kai. Na tsuguna na fara tarawa a hula, na ga yashi ya fi ƙwaya yawa, na zubar. Muka ɗaura tirelar muka jawo ta wofi. Kashegari Bappa ya sa aka wanke ta, na mayar da ita Bakura da goro da godiya. Bayan duk wannan zirga-zirgar, man da ke tanki bai ko sauka zuwa rabi ba.

Ba a yi mako ba magana ta fara yawo. Masu buhu ɗai-ɗai da bibbiyu sun yi asara, dole a sami wanda za a rataya wa. Wai direba ya tsiyaye man tun daren da ya dawo daga Bakura. Wai dama direbobi haka suke. Man da aka zuba da safe a gaban Bappa, ya shiga mota bai sauka ba, ta ina na tsiyaye shi? Amma wa zai tsaya wannan lissafin? Da aka tambayi Bappa a majalisarsa, bai ce na yi ba, bai kuma ce ban yi ba. Cewa ya yi, "Allah ɗai yas sani. Ni dai na zuba abin da nis saba zubawa, har da ƙari." Tsuntsun da ya ja ruwa, aka ce, shi ruwa kan doka. A namu ruwan, tsuntsun yana cikin rumfa a bushe.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ba na iya kallo shi ne Inna. An ba ta ɗaki a gidan Bappa, mai siminti da silin, ya fi nata na ƙauye kyau nesa ba kusa ba. Safe da yamma ana aiko mata da kwano daga madafa. Iyalin gidan ba su taɓa nuna mata komai ba sai girmamawa. Takan karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta ɗan gutsura daga gefe, ta rufe. Na riƙa sayo mata gero tiya-tiya daga kasuwa don ta riƙa yin nata, sai ta sa a miƙa madafa a haɗa da na gida. Matar da a ƙauye ba ta zama wuri ɗaya, ta koma zaman bakin ƙofa, hannuwanta a kan gwiwa. Ba ta taɓa tayar da maganar tirela ba, ni ma ban tayar ba.

Da aka gama kaka gaba ɗaya, Bappa ya fitar da zakkar gonakinsa. Yakan yi ta ne a ƙofar gida, da rana tsaka, mabuƙata a jere, dattawan unguwa a kan tabarma. Ina cikin masu fito da buhuna daga sito sai ya kira ni, ya dafa wani cikakken buhun gero.

"Wanga ka kai ma innarka. Ita ma bana ta cancanta."

A gaban kowa ya faɗa. Dattawa suka ce madalla da zumunci, Allah ya ƙara buɗi. A shari'a ba shi da laifi, matar wansa ce, ba ta da ko ƙwaya. Amma wannan mata duk shekara ita ke ware dami daga cikin nata, ta aika a kira waɗanda za a ba. Na sunkuya aka aza mini buhun a baya, na ratsa zaure da tsakar gida da shi, na sauke a bakin ɗakinta. Na gaya mata daga inda ya fito, da sunan da aka ba shi, don in ban faɗa ba wani zai faɗa.

Ta daɗe tana kallon buhun. Sannan ta ɗago ta dube ni, ni kaina, ido cikin ido.

"Mai nawa yar rage mu iso da hatsina?"

"Galan biyu, Inna."

"Biyu."

"Biyu."

"Yaushe kas sani?"

"Tun gidan mai. Kahin mu taso."

"Ka hwaɗa mai?"

"Na hwaɗa. Yac ce huɗu sun isa."

"Kai ba ka da kuɗɗinsu?"

Da na ce babu, da ta yarda, da kuma ta tafi kabari da wannan sauƙin. Ban iya ba.

"Ina da su."

"To mi yah hana ka?"

"Kunya, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi fushi ba, da ta yi da na fi samun sanyi.

"Ni ma ita tas sa nic ce a sa su baya," ta ce.

Ta dafa bango ta miƙe, ta yafa mayafinta, ta nufi zaure. Na bi ta a baya. Ta durƙusa daga cikin ƙofa inda maza za su ji muryarta ba tare da sun gan ta ba, ta fara yi wa Alhaji godiya. Ta yi ta da tsawo, ba ta rage komai ba, ta roƙa masa albarkar gona da ta kasuwa da ta zuriya, kalma bayan kalma irin yadda ta sha jin ana yi mata. Dattawa suna ta amsawa da amin. Ni ma da nake tsaye a bayanta, ƙurar buhun tana kan rigata, na ɗaga hannu na shafa.